Babbar Jijiyar Wuya da Abin da Take Faɗa Game da Mai Jego

Shugaban taro, iyayenmu sarakuna da hakimai, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Abokan aiki na asibitoci da ɗakunan shan magani, iyayena ungozomomi, wanzaman da nake hangowa can baya, da jama'ar da suka yi sammako daga Rabah da Goronyo, ina yi muku barka da zuwa.

Likita ba ya jin baƙunta idan ya miƙe zai yi magana a Wurno. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a garin nan a 1837 kuma a nan hubbarensa yake, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basur da na ciwon ido. Da Baturen Ingila Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa. Saboda haka maganar yau a gidanta take.

Jijiyar da zan yi magana a kanta ba baƙuwa ba ce gare ku. Mahauci ya san ta, duk wanda ya taɓa yanka ragon layya ma ya san ta, domin a mazhabarmu ta Malikiyya yanka bai inganta sai wuƙa ta yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu. Almajirin da ya kai Suratu Ƙaf ya haɗu da ambatonta a aya ta 16. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne aikin da take yi a jikin mai rai.

Nauyin ƙwaƙwalwar babban mutum bai wuce kilo 1.5 ba, amma jinin da ke ratsa ta a kowane minti ya kai kimanin mililita 750. Abin da ya shiga kuwa dole ya fita. Jinin yana taruwa a wasu hanyoyi da ke manne da ƙoƙon kai ta ciki, ya gangaro ta bayan kunne, ya fita ta wata kafa a gindin ƙoƙon. Daga nan babbar jijiyar wuya ta ciki take farawa, ɗaya dama, ɗaya hagu. Tana sauka ta ƙarƙashin tsokar nan da ke tasowa idan mutum ya waiga, tana maƙwabtaka da jijiyar da ke kai jini sama, wato wadda kuke jin bugunta idan kun ɗora yatsa. A ƙasan wuya sai ta haɗu da mai dawo da jinin hannu, su wuce ɓangaren dama na zuciya. Ta dama ta fi miƙewa, kuma a jikin yawancin mutane ta fi kauri. Wadda kuke gani tana tashi a wuyan ladan idan ya ɗaga murya ƙanwarta ce ta waje, mai bin ƙarƙashin fata.

Tana da wata ɗabi'a. Idan mutum yana kwance, ita ke ɗaukar mafi yawan jinin kai. Da zarar ya miƙe tsaye sai ta lafe, wasu ƙananan jijiyoyi da ke kewaye da ƙashin wuya su karɓi aikin. Nauyin da ke jan komai ƙasa shi ke taimakonta. An tabbatar da haka a wurin da babu wannan nauyin. A 2019 aka fitar da sakamakon binciken da aka yi wa 'yan sama jannati 11 a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa: a jikin 6 daga cikinsu jinin jijiyar ya tsaya cik ko ya riƙa komawa baya, ɗaya kuma aka same shi da gudan jini, sai daga ƙasa likitoci suka riƙa faɗa masa yadda zai yi wa kansa allura. Wannan na kawo ne don ku ga inda bincike ya kai. Namu abin ya fi wannan kusa.

Tsakanin jijiyar dama da zuciya babu wani shinge sai ɗan murfi guda, don haka duk cunkoson da ya taru a zuciya yana bayyana a wuya. Manoman rani na fadamar Wurno da na ƙasan madatsar Goronyo ba sa buƙatar dogon bayani a nan. Idan injin da ke jan ruwa ya yi sanyi, ruwan ba ɓacewa yake yi ba, taruwa yake yi a magudana har ya kai bakinta, wanda ya dubi magudanar kuwa ya san halin injin ko bai gan shi ba.

Cikin waɗanda suka fara bin wannan alama da natsuwa akwai James Mackenzie, likitan unguwa a garin Burnley na Ingila. Abin da ya tura shi nazarin zuciya mutuwar wata matashiya ce da zuciyarta ta gaza wajen haihuwa a hannunsa. Ya yi shekara da shekaru yana zana bugun wuyan marasa lafiyarsa a takarda, ya fitar da littafinsa a 1902. A 1930 Thomas Lewis ya nuna yadda za a auna cikar jijiyar a bakin gado da ido kawai. Har yau da wannan hanyar ake aiki.

Ma'aikatan ɗakunan shan magani, ga yadda ake yi. A jingina mara lafiya, ba a kwance ba, ba a zaune sosai ba, rabi da rabi. A sassauta mayafi da sarƙa. A ɗan juya fuska hagu kaɗan, ban da murɗe wuya. A haska fitilar waya ta gefe yadda hasken zai shafi fata, kada a dallare ta gaba. Ku sunkuya ku nemi inda fata ke ɗan motsi kamar ƙiftawa. Wannan motsin gani ake yi, ba a jinsa da yatsa, kuma idan kun danna gindin wuya a hankali sai ya ɓace. Wanda ya ture muku yatsa da ƙarfi na ɗaya jijiyar ne, ba shi muke nema ba. A jikin mai lafiya saman motsin yana tsayawa ƙasa ƙasa, bai wuce santimita 3 zuwa 4 a kan tudun ƙashin ƙirji ba, kamar faɗin yatsu biyu. Idan ya haura tsakiyar wuya, ko ya kai muƙamuƙi alhali mutum yana zaune shiru, zuciya tana neman agaji.

Hawan jini na iya jawo haka, da ciwon ƙoda, da tarin fuka idan ya tara ruwa a jakar zuciya. Amma wadda na fi so mu tsaya a kanta ita ce mai jego.

An taɓa kawo mini wata yarinya, haihuwarta ta biyu, ba ta yi arba'in ba. A zaune aka shigo da ita domin ba ta iya kwanciya, kwanakin nan duk a jingine da bango take barci. Ƙafafu sun kumbura har gwiwa, tana tari, tana haki kamar wadda ta yi gudu. Uwar mijinta ta ce kumburin jego ne, ita ma ta yi shi a zamaninta. An sha maganin tari, sannan an kai ta wani shagon magani an yi mata ƙarin ruwa don ta samu ƙarfi, abin ya ƙara ta'azzara. Ban ɗauko abin sauraron ƙirji ba sai da na ga amsar. Jijiyar ta cika har gindin kunne, ɗan kunnenta na dama yana rawa da kowane bugu. Ruwa ne ya yi wa jikinta yawa, aka kuma ƙara mata wani.

Likitocin duniya sun san yankinmu da wannan ciwo, wato gazawar zuciya a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa. A Zariya aka fara ƙidaya shi da kyau. Neil Davidson da Eldryd Parry na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello sun bi mata 224, suka buga sakamakonsu a 1978. Sun ga kusan duk Hausawa da Fulani ne, sun kuma ɗora laifin a kan kunun kanwa, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Hujjarsu mai kama hankali ce: kanwa gishiri ce, gishiri yana riƙe ruwa, zafi kuma yana tilasta wa zuciya ƙarin aiki. Shekara talatin ana karantar da ɗaliban likita haka.

A nan gida, Simeon Isezuo da abokin aikinsa Abubakar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun ba da rahoton mata 65 a 2007, suka ce ciwon ya kai mace 1 a kowace haihuwa 102. A Turai da Amurka sai an yi haihuwa dubbai kafin a samu ɗaya. Sai dai a yi hattara da wannan adadi. Na asibitin koyarwa ne, inda ake turo masu tsanani daga ko'ina, don haka yana iya zarce gaskiya. Yana kuma iya gazawa, domin wadda ta rasu a ɗakinta a wani ƙauyen Rabah ba ta shiga lissafin kowa ba.

Daga baya sai labarin ya sauya. Tun 1992 Arnaud Cénac da abokansa a Yamai suka gano ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu wannan ciwo. Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Malam Aminu Kano ya sake samun haka a 2015. Sannan ya jagoranci babban rajista na ƙasa baki ɗaya, aka tattara mata 406, aka kwatanta su da masu jegon da ke lafiya lau. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna masu lafiyar ma suna shan kunun kanwa, suna wankan jego. Abin da ya bambanta su shi ne rama, da rashin ilimin boko, da rashin sana'a, da hawan jini lokacin goyon ciki. A cikin waɗanda aka ci gaba da bibiya, kusan 1 cikin 5 ta rasu kafin shekara biyu.

Iyayena ungozomomi, kada ku ɗauki wannan a matsayin lasisi. An wanke kanwa daga zargin cewa ita ce tushen ciwon, ba a ce tana da amfani ga zuciyar da ta riga ta raunana ba. Wadda ƙafarta ta kumbura, ko aka ce tana da hawan jini, a janye mata kanwa da gishiri da dunƙulen miya, a rage zafin ruwan. Amma ni a ganina mun daɗe muna faɗa da tukunyar wanka domin ita ce mai sauƙin zargi. Yarinyar da ta shiga ciki a rame, ta haihu a rame, ta sake ɗaukar wani kafin ta yaye, ita ce zuciyarta ke gazawa. Magani yana nan, kuma ba tsada gare shi can ba: na fitar da ruwa ta fitsari, da na sauƙaƙa wa zuciya aiki, a sha wata da watanni ba fashi. Da yawa suna samun sauƙi. Maigida kuma a gaya masa gaskiya, sake ɗaukar ciki kafin likita ya tabbatar zuciyar ta dawo daidai kasada ce da rai.

Ita kanta jijiyar tana kamuwa da ciwo. A 1936 wani likitan Faransa, André Lemierre, ya ba da labarin mutum 20 da ciwonsu ya fara da maƙogwaro, 18 suka mutu. Ƙwayar cutar takan huda bangon maƙogwaro ta isa jijiyar, jini ya daskare a ciki haɗe da mugunya, gutsattsarinsa su riƙa ɓallewa suna faɗawa huhu. Samari da 'yan mata masu ƙarfi ya fi kamawa. Alamarsa ita ce ciwon maƙogwaro na kwana huɗu zuwa mako, kamar ya lafa, sai zazzaɓi mai jijjiga ya dawo, gefe ɗaya na wuya ya kumbura yana ciwo daga muƙamuƙi zuwa ƙasa, sannan ƙirji ya ɗauka. Kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya da ruɓaɓɓen haƙori su ma suna iya kai cuta wannan hanya. Yau yawanci suna warkewa, amma da allurar kashe ƙwayoyin cuta a gadon asibiti na makonni, ba da ƙwaya huɗu da aka ƙirgo a leda ba. A ƙasar da kowane zazzaɓi sunansa maleriya, wannan ciwo yana da wurin ɓuya.

Wanzamai, ga taku, kuma da girmamawa nake faɗa. Maƙogwaron da ya riga ya kumbura, idan aka sa masa ƙarfe da sunan cire beli ko hakin wuya, an buɗe wa cuta ƙofa a wurin da bai fi kaurin yatsa ba tsakaninsa da wannan jijiya. Akwai kuma yaran da ake kawo muku da wani kumburi mai laushi a gefen wuya, galibi dama, wanda ke tashi idan yaro yana kuka ko yunƙuri, ya kwanta idan ya yi shiru. Ba maruru ba ne, ba maƙoƙo ba ne. Jijiyar ce ta faɗaɗa, kuma yawanci ba ta cutar da yaro da komai. Wanda ya yi mata sakiya ko tsaga ba zai iya tsayar da abin da zai biyo baya ba. Duk kumburin wuya da ke tashi yana sauka, a bar shi sai an yi hoto.

Halin da hanyoyinmu ke ciki ya sa dole in ce wani abu kan rauni. Jijiyar wuya idan ta yanke ba zubar da jini kaɗai take yi ba, tana iya zuƙar iska ta kai zuciya, musamman idan mutum yana zaune. A kwantar da shi, a danne wurin da tsumma mai tsabta da tafin hannu, kada a ɗaga don leƙawa, kada a naɗe wuyan da ɗauri, abin da ya soke shi kuma a bar shi a wurin sai an isa asibiti.

Masu ɗan uwa da ke zuwa Sakkwato wankin ƙoda sun ga bututun roba a wuyansa. A wannan jijiyar ake sa shi, ta hanyar da wani likitan Suwidin, Seldinger, ya ƙirƙiro a 1953. Ruwa kada ya taɓa shi, hannu kada ya taɓa shi, zazzaɓi ko kumburin fuska kuwa a koma asibiti ranar.

Yanzu bari in ba ku labarin da ya sa sunan wannan jijiya ya cika jaridun duniya. Akwai wata cuta da ta fi yawa a ƙasashen sanyi, likitoci na taƙaita sunanta da MS. Garkuwar jiki ce ke cin rigar jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa, mutum ya riƙa rasa gani da tafiya sannu a hankali. A 2009 wani likitan jijiyoyin jini a Ferrara ta Italiya, Paolo Zamboni, ya ce ya gano asalinta: jijiyoyin wuya ne suka tsuke, jini ba ya fita daga kai yadda ya kamata. Ya ce idan aka zura balan-balan aka buɗe su ana samun sauƙi, ya kawo shaidar mutum 65. Ba ɗan damfara ba ne, matarsa ma tana da cutar. Wani gidan talabijin na Kanada ya yaɗa labarin a watan Nuwamba na shekarar, Facebook ya ɗauka. Dubban marasa lafiya suka kwashi abin da suka tara suka nufi Folan da Indiya da Kosta Rika. Suna dawowa suna sa bidiyo, ga wanda jiya yake kan keke yau yana takawa. Likitan da ya ce a dakata sai a ce kamfanonin magani sun saye shi. An samu waɗanda suka mutu sanadin aikin, har hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2012.

Me ya warware maganar? A 2013 masu bincike a Kanada suka ɗauki hoton jijiyoyin masu cutar, da na 'yan uwansu, da na mutanen da ba su da komai, masu karanta hoton ba su san na wane ne ba. Tsukewar ta bayyana a kashi 74 cikin 100 na masu cutar, kashi 66 na 'yan uwansu, kashi 70 na masu lafiya. Ashe halittar jijiyar ke nan. Sannan shi Zamboni da kansa ya jagoranci gwaji a kan mutum 115. Aka jefa ƙuri'a, wasu aka buɗe musu jijiya da gaske, wasu aka yi musu duk hidimar ba tare da an hura balan-balan ba, kuma ba wanda ya san rukuninsa. A 2017 sakamako ya fito babu bambanci, ya sa hannu a takardar da ta ce kada a ci gaba da aikin. Wannan ina ganin girmansa a kai.

Ku lura, tambayar da ta rushe maganar Ferrara ita ce ta sauya ta Zariya: su masu lafiyar fa, an duba su? Ita za ku riƙa yi wa mai lasifika ranar kasuwar Goronyo idan ya ce mutum ɗari sun sha sun warke. Nawa suka sha ba su warke ba, nawa suka warke ba su sha ba? Mu likitoci ma ku yi mana ita, ba za mu ji haushi ba.

Turawa sun kashe kusan shekara goma da dukiya mai yawa a kan tsukewar da ba cuta ba ce. Mu kuwa cikar da ke nuna cuta ta gaske tana wucewa ta gabanmu kullum a ƙarƙashin hijabi, ba a ɗaga an duba ba. Duk alƙaluman da na karanto muku daga manyan asibitocin birni suka fito. Ƙananan hukumomin nan uku, Wurno da Rabah da Goronyo, suna iya samar da nasu da littafi mai layi da biro.

Ga roƙona. Mai jego takan kawo jariri rigakafi a mako na 6 da na 10 da na 14. Jami'ar da ke ɗiga wa jariri magani ta ɗauki minti biyu ta tambayi uwar ko tana iya kwanciya ba matashi, ta danna ƙafarta, ta auna jininta, ta dubi wuyanta, ta rubuta abin da ta gani ko da lafiya lau ne, domin masu lafiyar ma muna buƙatarsu a lissafi. Wadda aka samu da cikar jijiya kada a yi mata ƙarin ruwa, a tura ta babban asibiti a zaune. Ungozoma ta yi irin wannan duba ranar suna. Malamanmu ku faɗa wa magidanta a masallaci cewa mai jegon da ke kwana a zaune ba jiran arba'in take buƙata ba. Iyayen ƙasa kuma, ranku ya daɗe, a kowace gunduma a san motar da za a tasa da tsakar dare da wanda zai zuba mata mai, tun kafin buƙatar ta taso.